Ɗango na Goma Sha Huɗu

Ni dai ban taɓa son waƙoƙin Turawa ba, amma malamarmu a jami'ar Abomey-Calavi ba ta tambayi ra'ayina ba. Ta ba mu wata tsohuwar waƙar Ingilishi mai ɗango goma sha huɗu, wai mu fitar da karinta da amsa-amonta kafin Litinin.

Ranar Juma'a da azahar na zauna da ita a ɗakinmu na Zongo. Maza sun tafi masallaci, matan gidan suna gidan suna a unguwar Sainte-Rita, ko ƙarar babur babu. Inna, mahaifiyata, tana kwance bayan labule, sati uku ke nan ciwon ƙirji ya kayar da ita.

Na fara karantawa a bayyane ina buga yatsa a tebur. Gaɓa mara nauyi, sai mai nauyi, sau biyar a kowane ɗango. Ɗango na farko ya amsa na uku, na biyu ya amsa na huɗu. Na ƙarshe ne kawai ya bambanta, mawaƙin ya yanke shi a bugu na uku, na ma ja masa layi da jan biro.

A ɗango na shida na lura da numfashin Inna. Tana ja a gaɓa mara nauyi, tana saki a mai nauyi. Matar da ko gaisuwar Ingilishi ba ta sani ba! Na yi shiru don in saurara, sai numfashin ya tsaya cak.

"Inna?"

Na ɗaga labule. Idonta a buɗe, ƙirjinta ba ya motsi. Na ci gaba da karatu, nan take ta ja iska.

Tsoro ya kama ni sosai. Wayata tana caji a shagon Ridwane, can bakin titi. In na tsaya yin ihu, numfashin Inna ma ya tsaya.

Na wuce ɗango na sha biyu, na shiga na sha uku, idona ya faɗa kan guntun ɗangon nan da ke jira a ƙasa. Ban yarda na taɓa shi ba, na koma farko.

Haka na yi ta zagayawa. Wajen karo na arba'in maƙogwarona ya bushe, muryata ta fara shaƙewa, liman kuwa ko huɗuba bai gama ba.