Jar Fitila a Injin Fuka

Abdulmutallib ya dawo daga karatu a Tunis da wani ɗan inji da bai fi kofin shayi ba. Na mahaifiyarsa ne, Tasalla, wadda fuka ke tasar wa tun yana yaro. Ana zuba maganin ruwa a kan injin, a danna, ya mai da shi tururi, mai ciwo ya shaƙa ta wani murfi da ake kifawa a hanci da baki. Batiri gare shi, da ƙaramar fitila a gindi.

Ya kai mata Tsibiri da kansa. Shi ne ɗan farinta, saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta kallon fuskarsa, ba ta tambayarsa komai kai tsaye. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ta, ta amsa tana tsince wake a faifai.

"Inna, ga fitilar nan. In tsanwa ce, ya ƙoshi. In ta koma ruwan ɗorawa, ya yi rabi. In ta yi ja, a sa shi sharji. In tana ƙyaftawa, ya kusa mutuwa."

Yana magana yana nunawa da yatsa. Fuskarta na can gefe.

"To," ta ce wa waken. "Allah shi yi albarka."

Wata maƙwabciya ta gwada mata yadda ake zuba magani da dannawa. Maganar fitila ba wanda ya sake tayarwa. Ya koma Maraɗi, inda ya samu aiki a ofishin wani kamfanin taki. In ya zo gaisuwa ya tambayi injin, sai ta ce wa duk wanda ke kusa ya gaya masa lafiya lau. Damina ta zo mata da sauƙi, ba ta kunna shi da yawa ba.

Bayan girbi ƙanwarsa Hidaya ta haihu a Jiratawa, Tasalla ta tafi zaman jego. Wata ranar da hantsi yana ofis, Hidaya ta kira.

"Yaya, kana ina? Inna ce. Ana dakan yajin jego ta tsaya bisa turmi, fukar ta tashi. Injin ya ƙi."

"Wace fitila ya nuna?"

"Ja. Inna ta ce ja lahiya ce."

"Ja tsaye, ko tana ƙyaftawa?"

"Ta yi ta ƙyaftawa, sai ta ɗauke."

"Igiyar sharjinshi fa?"

Ya ji Hidaya ta tambaya, ya ji amsar na fita a guntule.

"Tana Tsibiri cikin kwalla. Ko ledarta ba a kwance ba."

Ya cire igiyar wayarsa daga bango, ya ɗauki batirin ajiya da yake sharjin wayar da shi in an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, ya tare kabu-kabu.

Tun daga zaure barkono ya shaƙe shi. An kife turmin, amma mata na ta atishawa a tsakar gida. Tasalla na zaune bisa tabarma a inuwar ɗaki, ta dafa gwiwoyi, kafaɗunta na hawa da sauka, numfashinta na fito. Da ta ga shigowarsa ta kai hannu ta ja mayafi kan fuskarta. Hidaya ta janye shi.

"Inna, iskar ma ba ta ishe ki ba."

Inusa, mijin Hidaya, ya shigo daga garka da laka har ƙwauri. Abdulmutallib ya ce ya nemo mota, kowace iri, don ba za ta iya zama bisa babur ba. Inusa ya juya da gudu.

Abdulmutallib ya haɗa injin da batirin. Jar fitila ta kama, tana ƙyaftawa. Ya danna. Shiru. Injin ba ya tashi sai ya ɗan sha. Ya ajiye shi bisa gwiwarsa yana kallo.

Wata tsohuwa, goggon Inusa, ta taho da kaskon garwashi da ƙullin turare, wai a kanga mata hayaƙi ƙirjin ya buɗe.

"A fita da shi," in ji Abdulmutallib.

"Goggo, yi haƙuri, likitan Tunis ya hana," in ji Hidaya.

"Wane likita? An ce mani karatun taki ya yo."

"Taki ne, Goggo. Fitar da kaskon dai."

Ta fita tana gunaguni. Fitilar na ƙyaftawa. Tasalla ta daina ƙoƙarin magana. Gumi ya jiƙa wuyan rigarta, jijiyoyin wuyan sun miƙe. Jaririn ya fara kuka a ɗaki, wata mata ta shiga ta ɗauke shi. Abdulmutallib ya sake dannawa. Shiru.

"Yaya, ya lalace ne?"

"Yunwa yake ji."

"Har yaushe?"

"Ban sani ba."

Can fitilar ta tsaya cak, ja ba ƙyaftawa. Ya danna, farin tururi ya fito a hankali. Ya miƙa murfin zuwa fuskarta, ta kau da kai. Ya bi ta, ta ƙara kaucewa, tana neman iska ta gefen bango.

Ya miƙa wa Hidaya injin. Ta kifa mata murfin, Tasalla ta riƙe wuyan hannunta ta shaƙa. Igiyar gajera ce, dole batirin ya zauna kusa. Ya tsuguna dab da tabarmar, ya juya musu baya, ya riƙe shi ta bayansa. Yana kallon turmin da aka kife. Da kunne ya bi sauran: fiton ya yi kauri, ya koma tari, tarin ya yi ta zuwa, sannan numfashi ya fara tsawo.

Da maganin ya ƙare Hidaya ta cire murfin. Tasalla ta jingina da bango. Da ta yi magana, da Hidaya ta yi.

"Rediyo ja yake nunawa in yana da rai. Abin sa waya a bango, ja, in kuran ya dawo. Mi ya sa wanga tashi jar ta zama mutuwa?"

"Ai Yaya ya gaya maki, Inna."

"Ya gaya ma wa? Ni zan tsaya kallon yatsanshi?"

Hidaya ta yi dariya har ta dafe ciki, don jikinta bai gama warkewa ba. Abdulmutallib ya miƙe ya koma bakin ƙofa.

"Hidaya, ɗaga injin sama. Juyo gindin wajenki. A'a, yadda kowa zai gani."

Ta ɗaga shi daidai idon uwarsu. Ya dubi Hidaya, ya ɗaga murya, ya faɗi launukan ɗaya bayan ɗaya, da ramin da ake soka igiya. Hidaya na taɓa wurin da yatsanta. Tasalla ta matso da fuska, ta ƙura wa fitilar ido.

A waje mota ta yi oda. Inusa ya leƙo ya ce ya samu motar masu ɗaukar tumatir, an share gaba.

"Na warke," in ji Tasalla.

"Hidaya, ce mata sai likita ya gani."

"Inna, kin ji."

Mata biyu suka kama ta ta miƙe. Ta karɓi injin da batirin duka ta ƙulle a bakin zane, igiyar na lilo. A bakin zaure ta tsaya ta huta.

"Ce mashi shi maimaita ta tsakiyar," ta ce wa Hidaya. "Waccan ban riƙe ba."