Miyar Ranar Haihuwar Dasom

Motar da ta taso daga tsibirin Wando ba ta gama tsayawa ba Dasom ta hango uwarta ta taga, a tsaye tsakanin kujeru, rungume da wani dogon ƙunshi da ya kusa fin ta tsawo. Direba yana ta faman ce mata ta zauna, ita kuwa ko a jikinta. Dasom ta gyara goyon 'yarta Nuri a ƙirji, ta ja mayafi ta rufe tabon ɗinkin da ke wuyanta, ta ce a ranta, "Shi ke nan, ta kawo."

Ba sai an kwance ƙunshin ba. Busasshen ganyen teku ne na gonar Umma, wanda take ja daga igiyoyi cikin ruwan sanyi tun kafin a haifi Dasom. Kuma ba ta lanƙwasa shi ba. Matan tsibirinmu ba sa karya ganyen da za a kai gidan da aka haihu, ko da jaririn ya fara rarrafe. Gara su yi cacar baki da direba tun daga bakin ruwa har tashar Gwangju.

Umma ta sauko, ta ƙare wa 'yarta kallo daga sama har ƙasa.

"Ke, wannan fuskar fa? Kamar an hura ki."

"Umma, ko gaisuwa babu?"

"Gaisuwar me? Juyo min da yarinyata in gan ta. Baban Nuri ba ya ba ki abinci ne, ko barci kike yi dare da rana?"

Dasom ta yi dariya, don ta san haka tsoron Umma yake fitowa, da faɗa. Fuskar kam ta kumbura, muryarta ta dushe, kuma sanyi take ji ko a cikin rana. Duk ta san dalili, shi ya sa ba su tayar mata da hankali ba. Bayan ta haifi Nuri aka ga wani ƙullutu a gaban wuyanta, aka ce ciwon daji ne a tayirod, ƙwayar nan ta maƙogwaro, irin wanda ake cin ƙarfinsa idan an kama shi da wuri. An yi aiki an cire. Saura mataki ɗaya: ranar Litinin za ta shiga ɗakin keɓewa na asibiti, ta haɗiyi ƙwaya guda da za ta ƙone abin da wuƙar likita ta bari. Gadon ɗakin nan tun cikin hunturu take jiransa. Saboda shi aka sa ta daina shan maganinta na safe, shi ne jikin ya yi nauyi haka, kuma aka hana ta duk wani abu da ya fito daga teku har mako biyu, don sinadarin aidin da ke cikinsa. In gwajin safiyar Litinin ya nuna ta ci, gida za a maido ta, a ba wata gadon, ita kuma ta sake wannan wahala daga farko.

Duk ta faɗa wa Umma haka a waya. Umma ta ce, "To, to." Wanda ya san Umma ya san "to, to" ɗinta ba alƙawari ba ne.

Abin da ya ƙara ɓata lissafi shi ne yau ranar haihuwar Dasom ce. A wajenmu kuwa, mutum ko a kurkuku yake yana sa ran miyar ganyen teku a ranar da aka haife shi. Ita uwarsa ta sha da ta haife shi, shi kuma yana sha duk shekara don tunawa da wahalarta. Dasom ba ta taɓa ƙetare shekara ba ta sha ta hannun Umma ba.

Suna isa gida ta ja uwar zuwa kicin tun kafin ta ajiye jaka.

"Zo ki gani. Wannan gishirin nawa ne, tacecce, na kanti. Wancan na teku ne, na baban Nuri, kada ya shiga tukunyata. Ba kifi, ba ƙwai, ba madara. Ga kimcin kabeji da na jiƙa wa kaina, babu ruwan kifi a ciki."

Umma ta tsinci ganye ɗaya da yatsu ta jefa a baki. Ta tauna, ta tauna, ta yamutsa fuska.

"Wannan kimci ne ko hukunci?"

"Hukuncin ya kusa ƙarewa. Ke dai ki riƙe min Nuri idan na tafi, don ko na dawo sai na yi kwanaki ba na ɗaukarta, har ƙarfin ƙwayar ya fita daga jikina."

"Ni za ki koya wa riƙon yara? Wuce ki kwanta, idanunki har sun rufe."

Ba ta yi musu ba. Ta kwanta a kan ɗumin daɓen falo da niyyar ta ɗan miƙe bayanta, barci ya ɗauke ta kamar an zare mata waya. Ƙamshin man riɗi ne ya tashe ta da rana tsaka. Tun tana kwance ta gane abin da ake soyawa, kuma bakinta ya cika da yawu kafin hankalinta ya ce masa kul.

Tukwane biyu ne a kan wuta. Nuri tana zaune a kujerarta tana buga cokali, Umma ta jera kwanoni a tebur.

"Umma!"

"Kada ki buɗe min murya, na ji ki. Waccan ta mijinki ce, in ya taso daga aiki. Ke ga taki, ta dankali ce zalla, da gishirinki na marasa lafiya." Sannan ta turo wani ɗan ƙaramin kwano da ganye ke yawo a ciki. "Wannan kuma cokali ɗaya ne. Don ranar."

"Ko rabin cokali."

"Cokali ɗaya zai kashe ki?"

"Ba zai kashe ni ba, gadona zai kashe." Dasom ta mayar da kwanon gaban uwar, tana murmushi don kada abin ya yi zafi. Ta jawo miyar dankalin, ta hura, ta kai baki.

Daɗin ne ya tona asirin. Ta yi kwanaki tana cin abinci lami, harshenta ya san yadda dankali da ruwa suke, kuma ba haka suke ba. Wannan miyar akwai teku a ƙarƙashinta. Ta riƙe ta a baki ba ta haɗiye ba, ta miƙe da saurin da ba ta san tana da shi ba, ta tofar a wajen wanke-wanke, ta kurkure baki har sau nawa. A nan cikin matacin ta gan su: faffaɗan yankin dashima, ganyen teku mai kauri, ya yi laushi, da busassun ƙananan kifi da aka dafa aka zubar.

"Umma, da me kika yi ruwan miyar nan?"

"Da abin da ake yin ruwan miya mana! Ai na tsame su. Ki duba kwanon, kin ga ko ɗigon ganye? Ruwa ne kawai."

Kuma har ga zuciyarta gaskiya take faɗa. Babu macen da ta tashi a bakin tekunmu da ke lissafa dashima da kifin ruwan miya cikin kayan girki. Hannu ne ke jefa su tukunya tun kafin kai ya yanke abin da za a dafa.

"A cikin ruwan yake, Umma. Duk a ruwan yake! Da na shanye kwanon nan, da kin sa na koma layi."

Umma ta ajiye ludayi. Idonta yana kan wajen da 'yarta ta yi tofin. Can ta goge hannu da zanen girki, ta kwance shi, ta ninke a hankali.

"Kin tofar da abincina."

"Ba haka nake nufi..."

"Na girma ban taɓa ganin haka ba. To, tunda guba nake dafawa, bari in koma in da na fito. Uwar mijinki ta zo ta riƙe yarinyar, ita ta yi makaranta."

Ta fita baranda, wajen da ta jingine ragowar dogon ƙunshin, ta tsuguna tana ɗaure shi da igiya. Nuri ta ga an yi tsit, ta fashe da kuka. Dasom ta ɗauke ta cikin gajiya da haushi. Haushin kuwa na gaske ne. Ita ce aka yanka, ita ce ke jan jiki kamar buhu, ita ce ta yaye 'yarta ba don ta so ba, amma ita ce kuma za ta yi lallashi. Ta tsaya ta huce, ta ba Nuri ɗan biskit, sannan ta bi Umma.

Igiyar ta ƙi ɗauruwa a hannun matar da ta yi shekaru tana ɗaure kwale-kwale cikin iska. A nan Dasom ta gane ba tofin ne kaɗai ba.

"Umma, wa ya faɗa miki wata magana?"

Umma ta ci gaba da fama da igiyar.

"Na san ki. Wa ya faɗa?"

"Maman Gyeongja," in ji Umma, ba ta ɗago ba. "A zauren mata. Wai 'yar ƙanwarta da ke Seoul ta ce yawan ganyen teku ne ke kawo ciwon nan. A gaban kowa ta faɗa. Ni kuwa da kika haihu, safe, rana, dare, ban bar ki kin huta ba. Kina cewa kin ƙoshi, ina cewa ki ƙara." Muryarta ta karye. "Sai kuma ga likita ya ce kada ki ko taɓa shi. To me ke nan? Ni na zuba miki shi da hannuna ke nan."

Tausayi ya kama Dasom har ya kore haushin. Ashe shi ya sa aka ɗauko ganye tun daga Wando. In ta sha cokali ɗaya ba abin da ya same ta, Umma ta wanku. Ta zauna a ƙasa kusa da ita, ta ɗora Nuri a cinya.

"Maman Gyeongja da ta ce shan ruwan sanyi ne ya sa mijinta sanƙo? Ita ce likitarki yanzu?"

Umma ta ja hanci, dariya na neman kufce mata.

"Na tambayi likita wannan maganar da bakina. Ya ce ba wanda zai nuna yatsa ya ce ga abin da ya kawo min shi, kuma mata da ba su taɓa ganin teku ba ma suna yi. Ba don ganyenki guba ne aka hana ni ba. Tsaya in tambaye ki. In Abba zai kama kifi, mai ƙoshi yake nema ko mai yunwa?"

"Mai ƙoshi ai ko kallon ƙugiya ba ya yi."

"To ragowar abin nan da ke wuyana, ba abin da yake so a duniya irin abin da ke cikin ganyenki. Yunwarsa ake sa shi. Ranar Litinin za a jefa masa ƙwaya mai kama da shi, da wuta a ciki. Ya haɗiye da haɗama, shi ke nan, ya ƙone."

Umma ta saki igiyar. Ta dubi wuyan 'yarta, wannan karon kai tsaye, wanda tun a tasha take kauce masa.

"Wato ƙugiya za a sa masa."

"Ƙugiya."

"Kuma ganyena yake jira."

"Har shi ya san mai kyau."

"Ɗan banza," in ji Umma. "To ko ƙamshi ba zai ji ba. Me ya hana ki faɗa min haka tun farko, kika tsaya kina min karatun asibiti a waya?"

Ta miƙe kamar ba ita ce ke shirin komawa tasha ba. Kafin Dasom ta lallaɓa ta tashi, an juye miyar dankali gefe, an dirje tukunya, an dirje ludayi, an kai gishirin teku saman kabad inda sai an taka kujera. Ta ɗora sabon dankali da ruwan famfo tsura, tana mita wai ko akuya ba za ta ci ba. Sannan ta ɗauki babbar tukunyar ganyen da tsumma, ta nufi ƙofa.

"Ina za ki da ita?"

"Maƙwabta. Ba za ta kwana a gidan nan ba, mijinki ya ci shinkafa gaya."

"Ajiye. Zauna."

"Ke, kada ki..."

"Umma, zauna. Ranar nan wa ya haihu, ni ko ke?"

Umma ta tsaya da tukunya a hannu.

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Duk shekara ke ce ke dafawa, ni ce ke sha. Ban taɓa ganin kin zauna da kwanonki ba. Da kika haife ni ma, kin sha kuwa?"

"Lokacin girbi kika zo," in ji Umma, kamar mai ba da haƙuri. "Kakarki ta dafa min sau ɗaya ko biyu. Ganye ba ya jiran mai jego, na koma ruwa."

Dasom ba ta taɓa jin wannan ba, kuma ya soke ta. Ta karɓi tukunyar ta mayar kan wuta. Ta ɗauko kwano mafi girma a gidan, ta cika shi, ta tsamo naman da Umma ta ɓoye wa suruki a ƙasa, ta ajiye da shinkafa mai zafi. Hannuwanta sun yi nauyi, amma ba ta zubar da ko ɗigo ba. Ta sa wa uwarta cokali a hannu, ta zauna a ɗaya gefen da nata dankalin.

"Bana ke za ki sha mana, mu biyu. Baɗi in karɓi nawa."

Umma ta daɗe tana kallon tururin. Ta kai cokali baki, ta sake kaiwa, ta goge ido da bayan hannu ta ce barkono ne, alhali miyar nan ba a sa mata barkono. Ba ta ƙara magana ba sai da ta ga gindin kwano. Sannan, ba tare da ta dubi 'yarta ba, ta turo shi gaba.

"Ƙaro min."