Birki, Baiwar Allah

Babana mai koyar da tuƙin mota ne, kuma motar da yake koyarwa da ita ba ta da birki a gefensa. Da wannan na fara don kada wani ya ce mini tsohon masifaffe ne. Motocin makarantun kirki birki biyu gare su, ɗaya a ƙafar mai koyo, ɗaya a ƙafar malami. Tasu kuwa tsohuwar mota ce da mai makarantar ya sayo, ya liƙa mata jan harafin masu koyo gaba da baya, ya ce an gama. Akwai birkin hannu a tsakiya, amma tun ina sakandare ya saki, in ka ja shi sai ya biyo ka har sama bai riƙe komai ba. Don haka in mai koyo ya nufi bango, murya ce kawai Baba yake da ita. Shekara da shekaru da ita yake tsayar da mota, ko kaza bai taɓa takawa ba.

A gida kuma sai ka matso kafin ka ji abin da yake cewa. Umma takan ce a titi yake ƙarar da muryar, ya kawo mana ragowa.

Ni ina aji biyu a jami'a, sashen nazarin kafafen yaɗa labarai. A zangon nan muna da kwas a kan abubuwan da ke tashe a tsakanin jama'a, waƙoƙi, rawa, gajerun bidiyo na waya. Malamarmu, wadda kowa ke kira Dakta, takan ba mu babi guda duk mako, mu karanta, mu rubuto shafi ɗaya na abin da muka gani a ciki. Ina son kwas ɗin, ba zan ɓoye ba. Akwai wani babi da ya ce masu kallo ba tumaki ba ne da ake korawa, suna ɗaukar abin da aka ba su su warware shi su sake ɗinkawa yadda suke so. Na yi ta zuba yabo a shafina, na ce yau talaka mai waya ya ƙwace makirufo daga hannun manya. Dakta ta ba ni maki mai kyau, har ta karanta wa aji wani layi daga ciki. Ranar da ƙyar na iya wucewa ta ƙofa saboda girman kai.

Wata rana muna jiran Dakta a aji, wadda ke zaune kusa da ni ta miƙo mini wayarta tana dariya har da hawaye. Kyanwa ce a bidiyon tana lallaɓawa za ta sa baki a kwanon madara. Sai wata murya ta tashi a kan kiɗa, an yanka ta an maimaita: “Birki, baiwar Allah, birki. Ba mu kaɗai ba ne a duniya.” Kyanwar ta yi tsalle. Ni kuwa ban yi dariya ba, don muryar nan ta Baba ce, ita ta koya mini tuƙi.

Ban sha wahalar gano asalin ba. Wata mai koyo ce ta nufi mai tura baro a mahaɗar hanya, ƙawarta a kujerar baya tana ɗauka. Ga Baba nan, hularsa ta karkace, idanunsa sun fito, hannunsa ɗaya a sitiyari. Mota ta tsaya, mai baro ya wuce lafiya. Wannan ƙarshen ba wanda ya damu da shi, an yanke shi. Kafin mako ya zagayo muryar ta hau kan kowa: ango yana loma, yaro yana zuba sukari a shayi, 'yan mata suna rawa su daskare daidai inda aka ce birki. Har a motar haya na ji wayar wani ta yi ƙara da ita.

Baba ya ji labari a wajen aiki. Da ya dawo da yamma ya zauna a falo bai ko cire takalmi ba.

“Uwata,” ya ce, don sunan mahaifiyarsa gare ni, “ba wannan abin kike karantawa ba?”

“Shi ne, Baba.”

“To, ina ake zuwa a ce su cire?”

Na gyara zama na yi masa bayani kamar ni ce Dakta. Na ce irin wannan abin ba shi da tsawon rai, kamar mura yake, in an ƙyale shi zai tafi da kansa. Babban kuskure shi ne mutum ya fito ya mayar da martani, ƙara masa mai ne kawai. Duk a babi na huɗu na karanta, kuma na yarda da shi.

“Wato in yi shiru.”

“Ka yi shiru, Baba. Wani sabon zai zo ya ture shi.”

Umma daga kicin ta ce Allah ya sa, ita dai yau a shagon kayan miya an tambaye ta ko ita ce baiwar Allahn.

A ɓoye na yi ta danna wurin kai ƙara a manhajar da ake ɗora bidiyon. Amsa ɗaya suke turo mini, mai ladabi sosai, cewa sun duba ba su ga an karya wata doka ba. In ma an cire ɗaya, goma sun tsiro a gefensa. Na rubuta wa wadda ta fara ɗorawa, ta ce ai ta goge nata tuntuni, kuma wallahi tana ƙaunar Baba, mutumin kirki ne. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, duk cikinsu ba wanda ke ƙinsa. Da maƙiya ne da na san da wa zan yi faɗa.

Mai makarantar kuwa kakarsa ce ta yanke saƙa. Ya sa aka rubuta maganar da fenti a bayan motar. Masu koyo suka yi yawa har ana layi, kuma duk bibbiyu suke zuwa, ɗaya a sitiyari, ɗaya a baya da waya. Wasu da gangan suke karkatar da mota zuwa bakin kwata don Baba ya faɗa. In ya ƙi, su ce haba Baba, sau ɗaya dai. Ya je ya sami mai makarantar ya roƙi abu biyu, ko a hana waya a cikin mota, ko a sa masa birki a gefensa. Mutumin ya dafa kafaɗarsa ya ce talla kyauta Allah ya kawo musu, maganar birki kuma a bari kasuwa ta ɗan ƙara buɗewa.

Mura ba ta tafi ba. Wata ya wuce, wani ya shigo.

Sai ga Dakta ta zo aji da majigi, ta ce yau ga misali daga cikin gida. Ta haska fuskar Baba a bango, ta fi ƙofa girma. Aji ya ɗauki maganar gaba ɗaya, har da masu buga benci daidai kiɗan. Babin makon yana cewa in aka yanke murya daga wurin da aka yi ta, ta daina zama ta mai ita, ta zama ta kowa. Dakta ta yi bayani mai kyau, ba ta yi dariya ba. Na ɗaga hannu na ce, shi mutumin fa? Ta ce tambaya ce mai muhimmanci, za mu taɓo ta a ƙarshen zango.

Bayan an tashi na bi ta ofis na gaya mata mahaifina ne. Ta cire tabarau ta ajiye. Ta ba ni haƙuri, ta ce da ta sani ba za ta haska ba. Na ce ba haƙuri na zo nema ba, so nake ta gaya mini abin da za a yi, tunda ita ta san abin ciki da waje.

“Ba zan yi miki ƙarya ba,” ta ce. “Zan iya faɗa miki yadda ya fara da yadda yake yawo. Yadda ake tsayar da shi ban sani ba, kuma ban ga wanda ya sani ba.”

Na fito ina jin haushinta, ina jin haushin littattafan, ina jin haushin kaina da shafina na yabo. A makon nan layi biyu na iya rubutawa, na miƙa haka.

Ana cikin haka aka yi hatsari da rana tsaka, a wani layi da ba cunkoso. Yarinyar da ke tuƙi ba 'yar iskanci ba ce, da gaske take koyo, ta ma kusa zuwa gwaji. Yayarta ce a baya da waya. Wani mai gyaran keke yana tsugune a bakin titi yana duba taya a cikin baho, ita kuma ta ɗauki kwana da faɗi. Baba ya ga abin da ke zuwa ya buɗe murya da iya ƙarfinsa, kalmomin nan dai, don su ne ke fito masa in ya tsorata. Yarinyar ta fashe da dariya ta waiwaya wajen yayarta, wai ko ta samu ɗauka. Baba ya fizge sitiyari, shi ya sa ba su bi ta kan mutumin ba, amma gefen mota ya haɗa ƙafarsa da turken ƙarfe. Ƙashin ya karye gida biyu.

Kullum Baba sai ya je asibiti ya zauna gefen gadonsa. Mutumin bai yi masa faɗa ba, ya ce ƙaddara ce. Sai dai wani majinyaci a gado na gaba ya gane Baba, ya roƙi su ɗauki hoto.

Mai makarantar ya sa aka gyara motar, ya goge rubutun bayan, ya ce Baba ya huta a gida tukuna. In ya ga zai iya, aikinsa na nan. Maganar birki na biyu dai har yanzu kasuwa ba ta buɗe ba. Umma ta ce ya bar musu, Allah zai kawo wani. Ya ce wani wanne, a wannan shekarun, shi abin da ya iya ke nan.

Ranar hutu da safe ya ce in shirya in raka shi. Ya karɓi makullin motar a wajen maigadin makarantar, muka tafi filin da suke fara koyar da sababbi, inda aka jera tsofaffin durom a matsayin kwana. Ya zagaya ya zauna a kujerarsa, ya nuna mini sitiyari.

“Na yi tunani,” ya ce. “Kalmar ce ta lalace. Zan sake wata. Ki tuƙa, in na faɗa ki gaya mini gaskiya ko tana shiga.”

Na ja mota. Muka nufi durom, ya ce, “Tsaya.” Na tsaya cak. Muka sake, ya ce, “Ƙafa.” Na tsaya. Ya girgiza kai.

“Wannan ba gwaji ba ne, jira kike. Mai koyo ba ya jira. Ki yi ta zagayawa kawai, mu yi hira.”

Na yi ta zagayawa. Ya tambaye ni makaranta, na ce lafiya. Ya tambayi yaushe jarrabawa, ya ce in an yi hutu zai sa in riƙa kai Umma asibiti da kaina, ƙafarta ta fara damunta. Na ce ai Umma ba ta yarda da tuƙina, ta ce ina tafiya kamar mai bin bashin titi. Ya ɗan yi murmushi, karon farko da na gani tun da abin ya fara. Ina kallonsa ina ba shi labarin yadda ta riƙe ƙofa ranar da na taɓa tuƙa ta, ban lura wani kare ya fito daga bayan durom ya ratsa gabanmu ba.

Baba bai ce tsaya ba, bai ce ƙafa ba. Tsohuwar maganar ce ta fito, duka, da muryar da ta girgiza gilashi.

Kiɗan ne ya fara zuwar mini kafin komai. Na ji shi a cikin kaina sarai, har da inda 'yan mata ke daskarewa, kuma na ji gefen bakina ya motsa. Ƙafata ta biyo baya. Karen ya tsira, amma gaban motar ya daki durom, ya faɗi ya yi ta gangarawa yana ƙara har ya tsaya a jikin katanga.

Na juyo. Ba durom yake kallo ba, bakina yake kallo.

“Baba, tsorata na yi,” na ce.

“Na gani, uwata.”

“Wallahi ba dariya ba ce. Mu sake, wannan karon ban shirya ba ne.”

“Ai shi ne gwajin,” ya ce a hankali.

Ya miƙa hannu ya kashe motar, ya zare makulli. Ya fita ya je ya tayar da durom ɗin ya mirgino shi wurinsa, ya durƙusa ya duba gaban motar, ya goge ƙurar da hannun rigarsa. Ina zaune riƙe da sitiyari ina kuka, duk babin da na karanta ba wanda ya zo mini.

Shi ya mayar da motar makaranta, a hankali, hannu biyu a sitiyari. Maigadi ya taso yana tambaya ko gobe a sa masa masu koyo a jerin safe. Baba ya miƙa masa makullin ya ce a ba wani malamin, kuma a gaya wa mai makaranta ya gode. Daga nan muka taka zuwa tasha, yana gaba ina binsa a baya.