Jar Kuɓewar Inna

Ranar da aka sallamo Inna daga asibiti bayan an cire mata yanar ido, ko mayafi ba ta tsaya cirewa ba ta nufi lambunta da ke can bayan ɗakuna. 'Yarta Auta tana biye da ita da ledar magunguna, tana tuna mata cewa likita ya hana ta shiga rana. Likita kuma? Matar da ta yi kwanaki a kwance ba abin da take tunani sai lambunta, ai sai dai likitan ya zo ya riƙe ta da hannunsa.

Lambun ba wani babba ba ne, ɗan fili ne tsakanin bangon kicin da katanga. Akwai gwanda, akwai gwaba guda mai rowar 'ya'ya, ga tumatir da barkono, ga kabewa da ta haye rufin akurkin kaji. Duk waɗannan 'yan rakiya ne. Abin da Inna ke ji da shi wata jar kuɓewa ce doguwa, wadda ba ta saurin yin tauri. Daga hannun mahaifiyarta ta karɓi irin, kuma ba ta taɓa ganinsa a kasuwa ba. Duk shekara takan zaɓi mafi kyawun 'ya'yan ta bar su a jikin kara su bushe ƙayau, sai sun fara tsagewa ta ɓare su a kwalba. Bana kaji sun tone shukar farko, dole ta juye sauran kwalbar ta sake shukawa. Ke nan duk abin da ya rage na irin yana nan rataye a jikin busassun karan da ta bari.

Ta tura ƙyauren langa-langa, ta tsaya cak.

An share wurin fes. An ɗaure tumatir da sanduna, an yi wa gwaba aski, an zagaye kunyoyi da bulo har an shafa musu farin fenti. Inda kuɓewa take kuwa ƙasa ce a baje, sai ɗan tulin toka a kusurwa. Inna ta rufe idon da aka yi wa aiki ta duba da ɗayan, ko sabon ne ke mata ƙarya. Abin da ta gani ɗazu shi ta sake gani.

"Inna, sannunku da dawowa. Ya kuka ga aikin?"

Mijin Auta ne, mai sana'ar fenti, ya rusuna a bakin ƙyaure baki har kunne. Mutumin kirki ne, sai dai irin mutanen nan ne da in suka ga abu ya tsufa hannunsu ke ƙaiƙayi.

"Na ce kada ku dawo ku tarar da datti," ya ci gaba. "Busassun karan nan duk na tuge na ƙone, sun zama gidan ƙwari. Har da kuɓewar da ta bushe a banza ba a ci ba."

Da wani ne, da a ranar ya san Inna tana da baki. To amma suruki ne, kuma ga shi a durƙushe yana jiran yabo. Dole ta haɗiye maganar.

"Allah ya yi albarka," ta ce, sannan ta laluba bokitin ban-ruwa ta kifa ta zauna.

Auta ce ta dafe ƙirji. "Wayyo Allah! Iri ne fa ka ƙone! Irin Kaka ne!"

Murmushin bawan Allah ya bushe a fuskarsa. Inna ta ja jiki zuwa tulin tokar, ta shiga tonawa da yatsu. Ta sami 'yan ƙwayoyi baƙi ƙirin, tana murzawa suna zama gari. Tsoro ya kama ta sosai, irin wanda ko a gadon tiyata ba ta ji ba.

A nan dole a faɗi gaskiya game da Inna. Duk layin nan babu gidan da bai ci kuɓewarta ba, kwano-kwano take rabawa. Amma ɗanya take bayarwa, mai taushi, wadda ƙwayarta ba ta ƙosa ba. Iri kam ko ƙwaya ɗaya ba ta taɓa ba kowa. In ka roƙa, ta kalle ka sama da ƙasa ta ce ba kowane hannu yake karɓa ba. Akwai wata da ta taɓa kai hannu ga busasshiyar kuɓewa a gabanta, Inna ta raka ta da baki har ƙofar gidanta, ana jiyowa daga bakin titi. Tun daga nan kowa ya shiga taitayinsa.

Da gari ya waye ta yafa mayafi ta fita bi gida-gida, ko Allah ya sa wani yana da shi. Sai dai girman kai bai bar ta ta ce nata ya ƙone ba. Takan tsaya a bakin ƙofa, fuska a murtuke saboda damuwa, ta ce, "Akwai irin kuɓewata a gidan nan?"

To wa zai amsa wannan tambaya? Matar mai burodi ta rantse har da dafa kai. Tsohon direba ya ce shi ko kuɓewa bai cika ci ba, alhali Inna ta san da loma nawa yake tashi. Kafin ta kai tsakiyar layin, labari ya riga ta kaiwa ƙarshensa. Ta dawo gida hannu rabbana, ta kwanta ta juya wa kowa baya.

Da la'asar sai ga mijin Auta ya faɗo gidan yana haki, da fenti a gashinsa. Tun jiya ya kasa cin abinci, yana ta juya abin a ransa, sai yanzu ya tuna.

"Inna, akwai ta! Kwanakin baya ina kan tsani ina fentin gidan da ke kusa da na Tela mai ɗinki, na hango ta bayan tankin ruwan gidan Telan. Ja ce, doguwa, sak taku."

Inna ta tashi zaune. Matar Tela? Wannan salihar da ba ta iya haɗa ido da mutum? Da farko ranta ya ɓaci, don ta san ba ita ta ba ta ba. Kafin ta gama sa takalmi ɓacin ran ya koma murna, har tana tuntuɓe a bakin ƙofa. Ta yi niyyar ko durƙusawa ta kama, za ta durƙusa.

Matar Tela ta buɗe ƙofa, tana ganinta ta tare hanya. "Inna, wallahi babu komai a gidan nan."

Inna ta ratse ta, ta wuce ta gaban keken ɗinkin da ke baranda, ta zagaya bayan tanki. Ramuka ta tarar a jere, ƙasarsu ko bushewa ba ta yi ba. Can gefe awaki biyu ne a ɗaure, suna ta tauna, jan kara yana leƙowa daga bakin ɗaya.

"Ina kuɓewar?" Inna ta tambaya.

Matar Tela ta zube ƙasa ta fashe da kuka. "Ki yafe ni, Inna. Bara da na zo karɓar barkono na tsinci busasshiyar kuɓewa ɗaya ta faɗo, na sa a haɓar zane. Da safe na ji ana cewa kina bi gida-gida kina neman wanda ya ɗaukar miki iri, na ce yau kashina ya bushe. Shi ne na tuge na zuba wa awaki."

"Busassun fa? Ba ki bar na iri ba?"

"Na bari. Su na fara jefawa a murhu, don su za ki fara ganewa."

Inna ta dafa tankin.

"'Yar nan," ta ce, "nawa ya ƙone. Roƙonki na zo yi."

Matar Tela ta ɗago ido jage-jage da hawaye, sannan ta ɗora hannu biyu a ka.

"Roƙo, Inna? To me ya sa ba ki ce mana roƙo kike ba?"