Tuta a Sandar Bubakar

Wata huɗu ke nan sandar Bubakar makiyayi tana jingine a rumfar albasar Marka, cikin kasuwar Malanville. Ya bar mata ajiya zai je sallah, masu kaki suka ɗauke shi a ƙofar masallaci. Har yau iyalinsa ba su san inda yake ba.

A rumfar nan 'yan jam'iyyar su Marka suka zauna rubuta manufofi. Aka sa gyaran hanyar garin Madekali, aka sa batun taki.

Marka, shugabar mata, ta ce, "Alhaji, ku rubuta ba a tsare mutum sai alƙali ya gan shi."

Alhaji Na-Allah, shugaban reshe, ya ce, "Hajiya, in manoma sunka ji mun tsaya ma makiyayi, ƙuri'unsu sun tafi. Bari mu ci zaɓe tukuna."

"Ran da anka zo ɗaukar ka, mu ma mu jira zaɓe?"

Aka shafa fatiha, aka watse.

Da safe Marka ta tarar da tutar jam'iyya tana kaɗawa a bakin rumfa. Ba su sami gora ba, sai suka ɗaura ta a sandar Bubakar.