Littafin Tsinke Ya Zaga Layi

Mai Aski yana tsakiyar gyara wa Direba ƙeya sai ga Bakanike ya shigo, hannuwansa baƙi ƙirin da mai. Ya ajiye littafin a kan teburin madubi, kusa da gwangwanin hoda.

"Ga amanarka, Baba. Na gama."

"Ka gama, ko ka gama da shi?" Mai Aski ya kashe injin, ya ɗaga littafin da yatsu biyu kamar wanda ya tsinci mataccen ɓera. "Dubi yadda ka mai da shi. Wannan ai ko tsumman gareji ya fi shi haske."

Aka yi dariya a kan benci. Littafin kam ya sha hannu. Bangonsa ya rabu an liƙe da salatif, shayi ya zuba a gefensa, wani yaro ya yi zane da biro a goshin mutumin da ke jikin bangon. Amma ko da zanen, babu wanda zai kasa gane fuskar. Tsinke ne, ɗan wasan barkwancin da ko jariri ya san muryarsa a talabijin, wanda ya rubuta tarihin rayuwarsa gari ya ɗauka.

"Ni ne a layi," in ji Direba daga cikin ƙyalle.

"Kai da ka riga ka karanta?" Mai Kemis ya ce daga kan benci. Shi ne abokin Mai Aski mafi daɗewa, shagonsa na jikin nasa.

"Uwargida ce ba ta ƙarasa ba. Ta ce in ban dawo da shi ba kar in dawo."

Mai Aski ya ji daɗi har cikin ransa. Shi ya sayi littafin da kansa ranar da ya fito, shi ya fara ba da aro, yanzu ga shi ya zaga layin kaf, daga mai wanki zuwa mai cajin waya, ya shiga gidaje ya fito. Kuma yana da dalilin yin alfahari. Kafin duniya ta san Tsinke, a wannan shagon ya zauna. Ya zo yana saurayi, siriri kamar sunansa, ba aiki ba wurin kwana. Mai Aski ya ba shi tsintsiya, ya ba shi benci, ya koya masa riƙe almakashi, suka ci a kwano ɗaya har ya yi fuka-fuki ya tashi. Tun da ya tashi bai waiwayo ba, amma Mai Aski bai taɓa riƙe wannan a rai ba. Duk baƙon da ya zauna a kujerarsa sai ya ji labarin. "Ka san Tsinke? To, ni ne na raine shi. A nan inda ƙafarka take yake shara."

Shi kansa bai karanta littafin ba. Ya dai kalli hotunan tsakiya, ya ga har da ƙofar shagonsa, ya nuna wa kowa. Rubutun ƙanana ne kamar tururuwa, idonsa kuma ba kamar da ba. In an tambaye shi sai ya ce, "Ni da aka yi komai a gabana? Ku dai karanta, ku da ba ku sani ba."

Tun da littafin ya fara yawo shagon ya cika. Mutanen da suka daɗe da komawa wurin samarin masu aski na bakin titi sun dawo. Wasu ma ba aski ke kawo su ba, zama kawai suke yi suna kallonsa yana aiki.

Bakanike ya juya zai fita, gwiwar hannunsa ta bugi gwangwanin hoda. Ya faɗi ya buɗe, fari ya bazu a ƙasa har kan takalmin Mai Aski.

"Kash! Yi haƙuri, Baba."

Mai Aski ya shafa ƙeyarsa. "Ba komai, ai ba komai."

Shagon ya ɗauki dariya kamar an kunna. Direba ya sunkuya cikin ƙyalle yana tari, mai cajin waya ya ɗaga wayarsa yana ɗauka. Mai Aski ya dube su, sai ya gane, ko ya zaci ya gane: ashe maganarsa ta yi kama da ta Malam Ba-Komai, sakaran nan da Tsinke ya fi shahara da kwaikwayo, wanda za a taka shi a mare shi a cinye masa abinci yana shafa ƙeya yana cewa ba komai. Shi ma yana son wasan nan, ya sha yin dariya har hawaye. Don ya ƙara musu, sai ya lanƙwasa wuya, ya maƙale murya, ya sake faɗa irin ta talabijin. Bakanike ya fita yana dafe da ciki. Mai Kemis kaɗai bai yi dariya sosai ba, ƙasa yake kallo.

Rana ta take sai ga 'yarsa a bakin ƙofa. Ita kaɗai gare shi, malamar firamare ce, kuma ba ta taɓa baro makaranta kafin a tashi ba. Akwai alli a hannun rigarta. Ba ta gaida kowa ba.

"Ku ɗan ba mu wuri," ta ce.

Suka fice ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya tambayi dalili. Wannan ne ya fara ba Mai Aski tsoro.

"Mamana, lafiya?"

Ta tura ƙofa. Ta ga littafin a kan tebur, ta ɗauka. Ba ta nemi shafi ba, da ta sake shi a tafin hannunta da kansa ya buɗe, a wani wuri da gefen takardun ya yi baƙi saboda yawan yatsu.

"Baba, ka karanta wannan?"

"Ai kin san idona."

"Ɗazu a ofishin malamai aka turo hotunan shafukan nan ta waya. Kowa ya samu. Wata ta karanta da ƙarfi ana shan shayi. Ba su san abin ya shafe ni ba sai da aka zo kan hoton ƙofar." Ta dube shi. "Zauna."

Ya zauna a kujerar aski, wurin da ba ya zama. Ta fara karantawa da muryar da take karanta wa yara, ba hawa ba sauka.

"Mutane suna tambayata inda na samo Malam Ba-Komai. Ban ƙirƙire shi ba, na yi masa shara. Ubangidana ne na farko, wani mai aski, mutumin da ya fi kowa kirki a duniya, kuma Allah ya yafe mini, ya fi kowa wauta. In ka taka shi, shi zai ba ka haƙuri don ƙafarsa ta shiga ƙarƙashin taka."

Mai Aski ya yi ɗan murmushi, irin na wanda bai gama jin zafin sara ba. Ta ci gaba.

"Matarsa ta tayar masa da ƙayar baya a kan sai ya sake ta, saboda wani mai sayar da kayan gini, wanda kuma a shagonmu yake aski. Ba a daɗe da aurensu ba sai ga mutumin ya shigo yana ƙamshin turare, ya zauna a kujera. Na ce yau za a yi ta. Ubangidana ya ɗaura masa ƙyalle. Ya yi masa aski. Ya gyara masa gemu da reza. Har da hoda, jama'a! Mutumin ya laluba aljihu ya ce yau bai fito da komai ba. Ubangidana ya shafa ƙeya, kun san sauran. Da mutumin ya fita, ya shige bayan labule ya cusa tawul a baki yana kuka kamar akuyar da aka ɗaure. Ni kuwa ina waje ina cizon hannu kar dariya ta kuɓuce mini. A ranar aka haifi Malam Ba-Komai."

Ta rufe littafin. A waje wani yana hon, mai wanki yana bugun kaya.

Mai Aski ya dubi madubi. Ya ga wani tsoho da hoda a takalmi, hannunsa ya ɗaga zai kai ƙeya. Ya sauke hannun ya danne shi a cinya. Shekara nawa yana zaune gaban talabijin yana ƙyaƙyata wa wannan hannun? Ya tuna dariyar ɗazu, da ta jiya, da ta makon jiya. Ya tuna yadda abubuwa suka yi ta faɗuwa a shagon nan kwanan nan, yau kwalba, gobe mataji, kullum bisa kuskure.

"Gaskiya ne?" ta tambaya.

"Ya zo. Na yi masa aski."

"Har da hoda."

"Kina nan ranar," ya ce a hankali. "Kan bencin nan. Kin jera matazai kina yi musu makaranta. Na ɗora masa reza a nan," ya taɓa maƙogwaronsa, "ina jin jijiyarsa tana bugawa a yatsana. Sai na ɗaga ido na gan ki ta madubi. Shi ke nan. Da na yi abin da zuciya ta ce, wa zai kai ki makaranta ta gaske?" Ya dubi littafin. "Wannan bai rubuta ba. Yana waje, bai gani ba."

Ya zaci za ta sauko. Ba ta sauko ba.

"Ni ba askin ne ya dame ni ba, Baba. Ce mini ka yi zama ne ya ƙare. Na tashi ina jin haushinka, ina cewa kai ka kore ta. Ka riƙa haɗa mini kaya ina zuwa hutu gidan mutumin nan. Ina durƙusa masa. Ina ce masa Baba, ina cin abincinsa, ina dawowa ina ba ka labarin motarsa. Kana ji kana shiru."

"Uwarki ce. Me zan ce miki a kan uwarki?"

"Sai ka bari na ji a bakin mutane, suna riƙe ciki don dariya."

"Mamana."

"Kuma kai ka saya. Kai kake ba su aro." Ta goge ido da bayan hannu, allin ya shafa mata a kunci. "Na bar yara ba kowa. Zan koma."

Ta ajiye littafin inda ta same shi ta fita. Bai bi ta ba. Ya ɗauko tsintsiya ya share hodar, ya kwashe, ya wanke hannu. Yana cikin goge reza Mai Kemis ya leƙo, sannan ya shigo da gefe ya zauna a ƙarshen benci.

"Kai ka fara karantawa," in ji Mai Aski, bai juyo ba.

"Ni ne."

"Ka dawo mini da shi ka ce in ba mai wanki."

"To me zan ce maka? Kana ta murna." Mai Kemis ya gyara zama. "Kuma in ka duba, ai yabonka ya yi. Ya ce ka fi kowa kirki. Mutum nawa ne sunansu ya shiga littafi?"

"Sunana yana ciki?"

Mai Kemis ya yi tunani. "A'a. Mai aski dai ya ce."

Direba da Bakanike suka dawo suka tsaya a bakin ƙofa, suna leƙe kamar yaran da suka fasa tulu. Direba ya kalli littafin, ya kalli Mai Aski, bai iya tambaya ba. Mai Aski ya miƙa masa.

"Kai wa uwargida. Kar ta hana ka shiga gida."

"Baba, wallahi mu ba da wata manufa..."

"Karɓi."

Ya karɓa ya rasa inda zai sa shi, ya cusa a hammata.

Can da la'asar wata mota mai kyau ta tsaya a gaban shagon. Wani saurayi da wata budurwa suka fito, ba 'yan layin ba ne. Budurwar tana riƙe da nata littafin, sabo fil, ta buɗe wurin hotuna tana gwada ƙofar da ke ciki da wadda ke gabanta.

"Nan ne! Wallahi nan ne!"

Suka shigo da sallama, suna dariya tun kafin a ce komai. Saurayin ya dubi Mai Aski daga sama har ƙasa, idonsa yana ƙyalli.

"Baba, don Allah kai ne? Kai ne ubangidan Tsinke? Tun safe muke nema."

Mai Aski ya ninke tawul ɗin da ke hannunsa, ya sake ninkewa.

"A'a," ya ce. "Wancan ya rasu. Ni sayen shagon na yi."

"Ayya!" Budurwar ta dafe ƙirji. "Allah sarki. Mun so mu gan shi ko sau ɗaya ya faɗa mana da bakinsa."

"Allah ya ji ƙansa," in ji saurayin. Ya waiga yana duba shagon. "Amma kujerar ita ce dai ko? Da labulen?"

"Su ne."

"To bari mu ɗauki hoto ko da su ne. Baba, ɗan matsa kaɗan, kana fitowa ta madubi."

Mai Aski ya matsa. Saurayin ya duba wayar ya ce har yanzu kafaɗarsa tana ciki. Ya ƙara matsawa, shagon ƙarami ne, babu sauran wuri sai ƙofa. Direba da Bakanike suka ba shi hanya ba tare da sun dube shi ba. Ya fita ya tsaya a bakin titi cikin rana, tawul a hannu, yana jira su gama.