Rufin Ɗakin Norppa

Bana hunturu ya yi mana rowa. Tafkin Saimaa ya daskare, amma dusar ƙanƙara 'yar kaɗan ta sauka, kamar an barbaɗa gishiri a miya. Norppa kuwa, ayun tafkinmu mai zanen zobba a jiki, ba ta haihuwa sai cikin tudun dusa. Takan huda ƙanƙara daga ƙasa, ta haƙa ɗaki a cikin tudun, ta ɓoye jaririnta. Duk duniya a nan kaɗai suke, 'yan ɗaruruwa, in suka ƙare shi ke nan.

Shi ya sa ni da yayana Kauko muka ɗauki shebur kamar sauran mutanen bakin tafki, muka tara mata tudu da hannu a gindin dutsen tsibirin da ke kallon gidanmu. Kauko fa, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana tsine musu don suna yaga masa raga.

"Yaya, ba kai ke kiran su ɓarayin kifi ba?" na ce.

"Ke dai tura dusa, Tuovi, baki ba ya tara tudu. In ɓarawon ya ƙare, wa zan zaga?"

Daga ranar da aka gama tudu ba mai sake zuwa wurin sai bazara, don uwar ba ta son motsin mutum. Sai dai leƙe daga nesa da madubin hange. Haka na yi ta leƙe ta taga har kofina yakan huce a hannu.

Ana wata ga wata. Cikin watan Maris, maimakon dusa sai ruwan sama. Kullum in ga tudun nan yana lotsawa. Wata safiya na ɗaga madubi, na duba tudun. Rufin ya rufta. Ga jaririn a fili kan ƙanƙara, ɗan ƙulli mai furfurar gashi, uwar na kwance kusa da raminta na shiga ruwa. Shi kaɗai ne jaririn da muka sani a wannan gefen tafkin bana.

Na kira Kauko, muka gangara bakin gaɓa muka laɓe bayan itatuwa. Ya karɓi madubin ya daɗe yana kallo, sannan ya mayar mini da shi, ya ce ƙasa-ƙasa, "Duba hagu."

Dila ne, ja, ya fito daga kurmin tsibirin yana tafe yana tsayawa.

"Yaya, yi ihu mana!"

"In yi ihu uwar ta nutse? Kin taɓa ganin jariri ya sha ƙanƙara ya ƙoshi?"

"To sai mu tsaya mu zuba ido?"

Ya lashi yatsa ya ɗaga sama, ya ji daga inda iska ke busowa, ya bar ni nan. Na ga ya zagaya ta gaɓa, ya hau ƙanƙarar da ruwa ya riga ya cinye, yana jan ƙafa a hankali. Wallahi ban san wa nake ji wa tsoro ba, shi ko jaririn. So yake iska ta kai wa dila warinsa ba tare da ya yi ƙara ba.

Ta kuwa kai. Dila ya ɗaga hanci, ya juya, ya shige kurmi. Amma iska ba ta zaɓen hanci. Uwar ma ta ɗaga kai, sai ji na yi tsulum, ta faɗa rami.

Jaririn ya fara kuka, wani siririn kuka mai shiga rai, ruwan sama na dukansa. Uwar ta leƙo da kai, ta shaƙi iska, ta koma. Ta sake leƙowa, ta sake komawa. Kauko na tsaye can kamar an dasa shi, kuma na san abin da ke cin sa. In ya tsaya, dila ba zai zo ba, uwar ma ba za ta hau ba. In ya tafi, duk biyun za su dawo. Gaba kura, baya sayaki.

Ya daɗe a tsaye. Daga bisani ya durƙusa, ya ja da baya da rarrafe har ya iso wurina, wandonsa sharkaf.

"In uwar ba ta hau ba, yunwa ba ta kuskure," ya ce. "Dila yakan kuskure."

Na miƙa masa madubin, ya ƙi karɓa. Ni na kalla. Uwar ta hau, ta mirgina gefe, jaririn ya ja jiki ya kama nono, kukan ya tsaya. Hawaye suka cika mini ido, na goge, na karkata madubin hagu kaɗan.

A bakin kurmi dila ya dawo. Ya zauna, ya naɗe jelarsa a kan ƙafafu, ba ya gaggawa.

"Me kika gani?" in ji Kauko.

"Yana sha, Yaya," na ce. Ban sauke madubin ba.